Takalmin Zulai da Fim ɗin Tsohon Japan

Tun da na dawo daga Riyad ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta shigo yi mini barka da sauka, kafin ta ajiye kofin ruwa sai ta ce, "To Malama, yaya garin Larabawa?" In na ce lafiya lau, a ce na cika rowar labari. In na fara, kafin in kai tsakiya an kira sallah, ko wata ta tuna ta bar tukunya a kan wuta. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa ban taɓa yarda an katse mini darasi ba, don haka na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Wadda idonta ya yi rauni irin nawa, jikarta ta karanta mata.

Da farko dai ku sani ba yawon buɗe ido na je ba. Jikata Zulai na kai wa ubanta. Shi ne ɗana na fari, kun san ba na kama sunansa, a nan zan riƙa cewa Baban Zulai. Gyaran injuna yake yi a wata masana'antar famfunan ruwa, ya tafi tun Zulai tana shekara uku. Uwarta, Allah ya jiƙanta, tana zaune wurin iyayenta a wani gari can gabas har ranar da 'yan bindiga suka shiga garin. Waɗanda suka tsira ne suka kawo mini yarinyar Kano, tafin ƙafarta duk ƙaya. Uwar kuwa a ƙofar gida aka tsinci gawarta. Lokacin Zulai tana da shekara bakwai.

Shekara biyu ta yi a hannuna. Tana cin abinci, tana zuwa makaranta, magana ce dai sai an ja ta. Abu guda ne ya gagare ni: ba ta cire takalmi. Da shi take shiga ɗaki, da shi take hawa tabarma, da shi take kwana. In za ta yi alwala sai ta zare ƙafa ɗaya ta wanke ta mayar, sannan ta zare ɗayar. Na yi faɗa, na yi lallashi, na kai ta an yi mata tofi. Ranar da ta gaida Malam Liman da takalmi a ƙafa, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da na hori 'ya'yan mutane a kan ladabi, ga jikata tana taka shimfiɗar manya.

To ni kuma jiki ya fara ba ni sanarwa. Hawan jini, ga ido yana dushewa, sau biyu ina faɗuwa a tsakar gida. A faɗuwa ta biyu Zulai ce kaɗai a gidan, na farfaɗo na same ta a tsaye a kaina ko motsi ba ta yi. A ranar na kira ubanta na ce, "Yarinyar nan ta riga ta ga mutuwa ɗaya, ba zan bari ta ga ta biyu ita kaɗai ba. Ka zo ka ɗauki 'yarka." Ya riga ya sake aure a can, ya yi ta fama har ya samo mata iƙama, wato takardar zama, ni kuma ya samo mini ta ziyarar wata guda.

A filin jirgin da muka yada zango a hanya rigimar takalmin ta fara. Aka ce kowa ya cire takalmi ya sa a tire ya wuce ta cikin na'ura. Zulai ta ƙame. Layi ya tsaya cak, wani ɗan kasuwa a bayanmu yana ta tsaki yana cewa, "Hajiya ki zare mata mana!" Na juya na ce, "Kai ka haife ta?" Ya kawar da kai. Wata ma'aikaciya mai hushirya ta zo, na kakkaɓe tsohon Turancina na yi mata bayani iya iyawata. Ta yi ɗan tunani, ta karɓi nawa takalman ta wuce da su ta na'ura, ta dawo da su ta ajiye a gaban Zulai. Yarinya ta zare ƙafa ɗaya ta zura a nawa, ta zare ɗayar ta zura. Haka ta wuce tana jan takalman tsohuwa faca-faca, ni ina biye da ita da safa. Har ɗan kasuwar sai da ya yi dariya.

Mun sauka a Filin Jirgin Sarki Khalid da hantsi. Aka ɗauki hoton yatsuna sau huɗu, na'urar ta ƙi ganewa, sai da ma'aikacin ya ba ni wani mai na shafa. Na ce masa alli ne ya cinye su, bai gane ba, ya yi mini alama in wuce ya ce, "Yalla, ya Hajja." Da muka fito, Baban Zulai ya hango mu, ya zo ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar mutane yana gaishe ni. Larabawa suka tsaya kallo, su da yake sumbatar goshin uwa suke yi a tsaye. Ya miƙa wa Zulai hannu biyu. Ta koma bayana ta riƙe mayafina. Na ga yadda fuskarsa ta yi, na yi kamar ban gani ba.

A Manfuha suke zaune, tsohuwar unguwa a kudancin gari, gidaje gajeru manne da juna, ƙananan kantuna a kowane lungu. Za ka ji Hausa a nan, ka ji yaren Habasha a can, ka ji na Bangaladash a gaba. Da an kira sallah sai ka ji ƙarar ƙofofin ƙarfe ana ja ƙasa, kowane kanti ya rufe, ko kana tsakiyar ciniki ne. Wannan kam ya burge ni. Abin da bai burge ni ba shi ne rashin tsakar gida. Ɗaki biyu da falo a hawa na biyu, taga a rufe, na'urar sanyi tana gurnani yini guda. Ba ka jin daka, ba ka jin akuya, maƙwabci ba ya leƙowa ya ce ina kwana.

Matarsa Sumayya a can aka haife ta, kakanninta mutanen Katsina ne da suka je aikin hajji suka zauna. Hausarta rabi da rabi ce, in ta fara zance da Hausa sai ta ƙarasa da Larabci. Yarinya mai kirki, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta tarbe ni da dabino da gahawa a wani ɗan mitsitsin kofi. Na shanye na miƙa mata, ta sake zubawa. Na shanye don kada ta ce na raina, ta sake zubawa. Sai da na sha bakwai, zuciyata tana bugawa fat-fat, sannan mijin ya lura ya ce, "Inna, girgiza kofin ake yi in an ƙoshi." Na ce, "Da ba ka bari na mutu ba tukuna ka faɗa?" Abincinsu kuma shinkafa da kaza ne da suke kira kabsa, yau kabsa, gobe kabsa. A kwana na huɗu na fito da kukata da daddawa na ce a ba ni tukunya.

Ƙamshin miyar nan ne ya jawo mana Isuhu, wani mutumin Maraɗi da ke tuƙa motar ma'aikatan masana'antar, yana zaune a hawa na ƙasa. Ya ci tuwo har yana share hawaye. Yana cikin ci ya ga Zulai ta ratsa kan kafet da takalmi, ya ce da Baban Zulai, "Ɗiyar ga sangarta ce kawai. A ɓoye takalman kwana ukku, za ta manta." Na ce masa ya ci tuwonsa. Ban san maganar ta zauna a kunnen ɗana ba.

Ran Alhamis ya dawo aiki da wuri, ya tarar Zulai tana barcin rana. Ya lallaɓa ya zare mata takalman, ya kwashe duk wani takalmi da ke gidan ya kulle a kabad. Ina ɗaki ban sani ba. Da ta farka ba ta yi kuka ba, wallahi da ma kukan ta yi. Ta tafi bakin ƙofar fita ta kama mariƙin da hannu biyu ta tsaya. Ba ta buɗe ba, ba ta saki ba. Ya yi lallashi, ya yi tsawa, ya kawo alewa. Na ce ya fito da takalman, ya ce, "Inna ki bari, ai ke kika bar ta ta saba." Tun bayan azahar har aka kira magariba tana nan a tsaye, har ta jiƙa jikinta a wurin. Sumayya ce ta fizge makullin daga hannunsa tana kuka tana cewa, "Haram alaik! Khalas, ya isa!"

Washegari bayan mun karya ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, kansa a sunkuye.

"Inna, ba zan iya ba. Ki koma da ita."

"In koma da ita wurin wa?"

"Ke ta sani. Ni ba ta san ni ba. In na shigo, ƙofa take kallo. Ina fita da asuba in dawo da yamma, Sumayya ba ta jin rabin abin da take cewa. Ga makaranta, wa zai karɓi yarinyar da ba ta cire takalmi ko a masallaci?"

Na ce, "Kai dai ka ce kunya take ba ka."

Bai musa ba. Cikin satin ya yi mata takardar fita, ya yanki tikitinta rana ɗaya da nawa. Na ji haushinsa ƙwarai, na kuma ji tsoro. Kwana biyu ban amsa gaisuwarsa da baki ba, sai da ka.

Ana cikin haka aka gayyace mu cin abinci. Akwai wani dattijo da kamfanin da ya ƙera injunansu ya turo yana koya musu aiki, sunansa Kimura, amma ma'aikata Tsohon Japan suke ce masa. Da ya ji uwar yaronsa ta zo, ya ce lallai a kawo ni ran Juma'a bayan masallaci. Baban Zulai ya so a bar yarinyar a gida. Na ce in ba ta zuwa ba na zuwa.

Muka bi ta Birnin Masana'antu na Biyu, ya nuna mini inda suke aiki, dogayen rumfunan ƙarfe a jere ba ko bishiya. Daga nan muka shiga wata unguwa mai katanga da masu gadi inda baƙi Turawa da makamantansu ke zama. Tsohon ya fito, ɗan siriri, kansa fari fat. Ya sunkuya mini, ni kuma na rusuna, ya ƙara sunkuyawa, na ƙara rusunawa. Da ba a shiga tsakaninmu ba da mun kai ƙasa. A bakin ƙofar an jera silifa huɗu, kowanne ya juya baki yana kallon cikin gida. Ɗana ya raɗa mini, "Inna, mutanen nan sun fi mu tsanani a kan takalmi. Har na banɗaki daban ne." Ya juya ya ce wa Sumayya ta koma mota da Zulai.

Tsohon ya tambaya me ya faru. Ɗana ya fara kame-kame, ni kuwa na ce wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Na ce masa yaƙi ya ci uwarta, tun ranar ba ta cire takalmi. Ya dubi Zulai, ya dubi ƙafarta, ya shige ciki. Sai ga shi da ɗan tawul jiƙaƙƙe. Dattijon nan ya durƙusa a gaban jikata, ya yi mata alama ta ɗaga ƙafa, ya goge ƙasan takalmin tas, ya goge ɗayan, sannan ya matsa gefe ya nuna mata ciki. Na saci kallon ɗana, na ga ya rasa inda zai sa idonsa.

Abincinsu sai haƙuri. Shinkafa fara mai danƙo, ba mai ba miya, da gasasshen kifi, da wani romo mai ganyen teku. A cikin romon na ga awara tana yawo, ɗanya, ba a soya ba, ba yaji. Na ce, "Ashe kuna da awara?" Ya ce ai abincin kakanninsu ne. Na ce to ku ba ku iya ta ba, ya zo Kano a nuna masa. Ya yi dariya har yana tari. Sandunan da suke ci da su kuwa ban ko gwada ba, na ce a ba ni cokali.

Bayan mun ci na lura da kantar littattafansa, ashe fayafayan fim ne. Garin babu gidan sinima ko ɗaya, ya ce da su yake kashe ranakun hutu. Ya nuna mini layi guda ya ce duk waɗannan a kan yaran da yaƙin duniya na biyu ya bari ne. Ya ce bayan an ƙone garuruwansu, yara marayu sun cika tashoshin jirgin ƙasa, manya kuma kowa yana ta kansa, ba mai son a tuna. Da yaran suka girma, wasunsu suka zama masu shirya fim, suka faɗi abin da ba a bar su sun faɗa ba. Ya zaro ɗaya ya nemi izinina. Na ce in akwai harbi a ciki ban yarda ba, saboda yarinya. Ya ce ko harsashi ɗaya babu, bayan an gama yaƙin labarin ya fara.

Ya ja labule. Fim ɗin tsoho ne, baƙi da fari, fassarar Turanci tana fitowa a ƙasa. Na sa tabarau ina karantawa ina juya wa Sumayya da Zulai da Hausa. Wani yaro ne ɗan shekara takwas, wuta ta cinye garinsu da iyayensa, aka kai shi ƙauye wurin kawunsa mai sana'ar awara. Yaron ba ya rashin kunya, ba ya sata. Ruwa kawai yake ɗiba. Duk bokiti, duk tukunya, duk kwano, sai ya cika shi da ruwa ya ajiye. Kawun ya tashi aiki ya tarar da mazubin wakensa cike da ruwa. Ya fito daga ɗaki da safe ya yi tuntuɓe da bokiti. Maƙwabta suna dariya suna cewa an kawo musu taɓaɓɓe. Ran nan kawun ya fusata, ya bi bokitan ɗaya bayan ɗaya yana shuri, ruwa ya malale tsakar gida, yaron yana tsaye yana kallo.

Ban san lokacin da na ce, "Kai, wannan mutum Allah ya shirye ka!" ba. Ɗana ya sunkuyar da kai.

Sai muka ji murya daga gefen Sumayya. "Ba don kansa yake ɗiba ba."

Zulai ce. Na ce, "Me kika ce?"

"Ba ya ajiyewa a ƙofarsa. A ƙofarsu yake ajiyewa."

Tsohon ya tambaya me ta ce, ɗana ya fassara masa. Ya tsayar da fim ɗin ya mayar da shi baya. Haka ne kuwa. Inda yaron yake kwana babu ko kofi. Bokitan duk a ƙofar kawun da matarsa suke, da gefen shimfiɗar jaririyarsu. Ni da nake ta fassara ban gani ba. Tsohon ya ce ya kalli fim ɗin nan ya fi a ƙirga, sai a kallo na uku ya lura.

A ƙarshe kawun ya kai yaron gidan marayu a birni, ya dawo shi kaɗai a jirgin ƙasa. Ya iso gida ya tarar da bokiti cike a ƙofar ɗakinsa, wanda yaron ya ajiye kafin su tafi. Ya zauna a gefensa. Shi ke nan, rubutun ƙarshen fim ya hau. Na ce, "A'a, ina sauran? Ya koma ya ɗauko shi ko bai koma ba?" Tsohon ya ce ba a nuna ba. Na ce da a Kano ne da an jefi allon.

Ya ce shi bayan yaƙin aka haife shi, amma yayarsa ta gani. Har ta mutu tana tsohuwa, da kayan fita take kwana, jakarta a bakin ƙofa. Baban Zulai ya yi maganarsa ta farko tun da muka zauna, ya ce, "Ta warke?" Tsohon ya ce a'a. Ya ce amma ta yi aure, ta haifi uku, ta riƙe kantin ɗinki shekara arba'in, kuma ta fi kowa dariya a gidansu. Mijinta ne ya kafa mata ƙusa kusa da ƙofa don rataya jakar.

Muka shiga mota muka fita daga unguwar. Ni abin da yarinyar ta faɗa ne yake ta cina. Na juya na yi mata tambayar da ban taɓa yi ba cikin shekara biyu. Kullum cewa nake "cire", ban taɓa cewa "me ya sa" ba.

"Zulai, ke don wa kike sa naki?"

Ta daɗe tana kallon taga. Sannan ta ce, "Mun fita da Umma. Mun kai bayan gari. Ƙaya tana soke ni ina kuka. Ta ce in tsaya wurin Iya Falmata maƙwabciyarmu, bari ta koma ta ɗauko mini takalmina." Ta dubi ƙafarta. "In ina da shi a ƙafa ba wanda zai koma."

Baban Zulai ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya kifa kansa a kan sitiyari, kafaɗunsa suna rawa. Tun yana yaro rabon da in ga kukansa. Sumayya tana ta tambaya, "Esh galat? Me ta ce?" Na kasa fassara mata. Ni kaina kunya ce ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Shekara biyu yarinya tana tsare rayuwata da 'yan takalmanta na roba, ni ina ce mata marar ladabi.

Sauran kwana tara suka wuce a hankali. Ba wanda ya sake cewa ta cire. Sumayya ta ajiye ɗan tawul a bakin ƙofa, Zulai tana goge ƙasan takalminta da kanta in ta shigo. Isuhu ya hawo cin tuwo ya buɗe baki zai yi magana, ɗana ya dube shi, ya mayar da bakin kan loma. Amma maganar komawarta Kano tana nan, ba a fasa ba. Na ga yana zama kusa da ita yana rasa abin cewa, ita ma ba ta matsowa. Ni kuma na rantse ba zan roƙe shi a kan 'yarsa ba.

A kwanakin na yi ta tunanin kantar tsohon nan. Mutanen da ba mu haɗa addini ba, ba mu haɗa yare ba, ko awara ba mu soya iri ɗaya, sun zauna sun kalli yaransu da kyau har suka ga inda yaro yake ajiye bokiti. Mu namu yaran suna nan a gidajenmu, a azuzuwanmu, na koyar da wasunsu kafin in ajiye aiki. Wanda ba ya zama sai kusa da ƙofa, wadda take ɓoye tuwo a jakar makaranta. Mun ce iska ce, mun ce taurin kai ne, mun ce a yi haƙuri ya wuce. Ban ce mu fi su rashin tausayi ba, mun ɗauke su mun ciyar da su ba tare da an roƙe mu ba. Tambaya ce ba mu iya yi wa yaro ba. Wataƙila sai sun girma su ba mu labarin da kansu, in muna raye mu ji kunya.

Ranar tafiya na haɗa jaka biyu, tawa da tata. Ya ɗauka ya sa a mota. Sumayya ta biyo mu idonta jawur. Muka shiga filin jirgi, muka hau layin awon kaya, fasfo biyu a hannunsa. Saura mutum uku a gabanmu sai na tuna da kwalin dabinon da na saya na tsaraba, na bar shi a bayan mota. Na ce, "Af, dabinona!"

Ya ce, "Bari in koma in ɗauko, yanzu zan dawo."

Ya juya ke nan Zulai ta cafke hannunsa. Tun da muka zo ƙasar ba ta taɓa taɓa shi ba. Ta riƙe da hannu biyu, har yatsunta suna nutsewa a fatarsa, idonta a kan fuskarsa.

Ya tsaya. Ya dube ta, ya dubi ƙofar fita, sannan ya durƙusa a gabanta a tsakiyar layin.

"Ba zan koma ba. Kin ji? A bar shi. Ba abin da zan koma ɗaukowa."

Layi ya matsa, aka kira mu. Ya miƙe da ita a hannu, ya ɗora jakata a kan sikeli. Ma'aikacin ya nuna ɗaya jakar. Ɗana ya janye ta da ƙafa zuwa bayansa, ya zare fasfon Zulai ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya miƙa nawa shi kaɗai.

"Inna," ya ce, "ki yafe mini. Ke kaɗai za ki tafi."

Na ce, "Da wa ka ga zan tafi da ma?" Na ja mayafi na rufe fuskata, don ba zan yi kuka a gaban suruka ba.

Da na wuce inda ba a bin matafiyi, na waiwaya sau ɗaya. Suna nan inda na bar su, ba ta saki hannunsa ba. Dabinonku yana can a bayan mota a Riyad, ku yi haƙuri, ba wanda ya koma ya ɗauko.